Roman Josi: ɗan baya ne na gaskiya, ko ɗan gaba da aka ajiye a baya?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna kan maganar Roman Josi, kyaftin ɗin Nashville Predators, ƙungiyar wasan ƙwallon gora na ƙanƙara a Amurka, domin har gobe akwai masu cewa tsaron gida ba aikinsa ba ne, maki (wato ci da taimakon ci) kawai yake tarawa. Ni ban yarda da wannan ba, amma bari in fara shimfiɗa tushen. An haife shi a Bern ranar 1 ga Yunin 1990, ya taso a ƙungiyar garinsu, SC Bern, wadda filinta ke ɗaukar 'yan kallo sama da 17,000, kuma ta taɓa shafe shekaru tana kan gaba a Turai wajen cikar fili a wasan ƙwallon gora na ƙanƙara. A zaɓen matasa na NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada, da aka yi a Ottawa a 2008, sai a zagaye na biyu aka kira sunansa, na 38. A wannan shekarar an ɗauki Drew Doughty na 2, Alex Pietrangelo na 4, Erik Karlsson na 15, John Carlson na 27. Ita kanta Nashville ta tsallake shi sau biyu, ta ɗauki Colin Wilson da gola Chet Pickard kafin ta waiwaye shi. Bai yi gaggawar tafiya Amurka ba. Ya tsaya a Bern har ya ci kofin Suwizalan a 2010, sannan ya yi kaka guda cur a Milwaukee, ƙaramar ƙungiyar da Nashville ke renon 'yan wasanta, kafin ya fara buga NHL a watan Nuwamban 2011.

Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ina cikin waɗanda kake nufi. Ba na musun gwanintarsa, amma aikin ɗan baya shi ne hana ci. Josi yana ɗaukar faifai, wato abin da ake bugawa a madadin ƙwallo, daga bayan ragarsa ya ratsa fili har bayan ragar abokan hamayya. To idan aka ƙwace a can, wa ya rage a gida? Mutum ɗaya, ga biyu sun nufo shi a guje. Wannan shi ne mafi munin abin da gola ke fuskanta bayan a bar shi shi kaɗai da ɗan gaba.

Malam Habu:
Ɗanjuma, ka fara daga ƙarshen aikin. Mu koma farkonsa. Idan abokan hamayya suka watsa faifai cikin kusurwarku, ɗan baya yana juyawa ya bi shi da bayansa ga masu zuwa, kuma abin da yake da shi bai wuce daƙiƙa biyu ba. Dole ya waiwaya ta kafaɗa sau ɗaya ko biyu kafin ya isa, domin idan ya jira sai faifan ya hau sandarsa sannan ya ɗaga kai, an riga an manna shi da bango. Zaɓinsa kaɗan ne. Ko ya miƙa wa abokin tsaronsa ta bayan raga, ko ya bi da shi jikin bango zuwa ga ɗan gefe, ko ya ba ɗan tsakiya da ya sauko ƙasa, ko ya buga shi jikin gilashi ya fita waje, ko kuma ya zagaye ragar ya fito da shi da kansa. Bugawa jikin gilashi shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ake yaba wa 'yan baya masu tsoron kuskure, amma sakamakonsa faifan ya koma hannun abokan hamayya, bayan daƙiƙa goma sun sake dawowa. Josi yana zaɓar na ƙarshen fiye da yawancin 'yan baya. Yana amfani da ragar a matsayin garkuwa, mai binsa dole ya zagaya, shi kuma taku uku ko huɗu na farko sun ishe shi ya bar mutum a baya. Duk minti ɗayan da faifai ke can gaba, minti ɗaya ne da ba a harbi golansa ba. Wannan ma tsaro ne.

Alhaji Isiya:
Akwai abin da ya kamata a ƙara kan shekarar Milwaukee, don mutane na ɗaukar ta kamar ɓata lokaci. Filin da Josi ya taso a kai a Turai faɗinsa mita 30 ne, tsawonsa 60. Na NHL tsawon kusan ɗaya ne, amma faɗin bai wuce mita 26 ba. Mita huɗun nan su ne komai. A babban fili, idan ka kora ɗan gaba zuwa bango ka gama da shi, domin daga can kusurwar harbinsa ta mutu. A ƙaramin fili, harbi daga jikin bango na iya shiga, ko ya dawo daga jikin gola a tura. Sannan mai matsa maka yana isowa da wuri. 'Yan bayan Turai da yawa da suka tsallaka sun faɗi a nan: sun saba riƙe faifai su juya su duba, sai su tarar babu wannan sararin. Abin da Josi ya koya a ƙaramar gasar shi ne yanke shawara kafin faifai ya zo, ba bayan ya zo ba. Kuma Barry Trotz, kocin Nashville na lokacin, ba ya ba matashi minti idan bai iya aikin kusurwa ba.

Bilkisu:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma ai sa'ar abokin tsaro ma ta taimake shi. Da ɗan bayan Nashville Ryan Suter ya koma Minnesota a 2012, sai aka haɗa Josi da Shea Weber. Weber na dama ne, Josi na hagu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai riƙe sanda ta hagu idan yana gefen hagu, bakin sandarsa yana wajen bango, don haka yana ɗauke faifai daga jikin bango da gaban sanda, ya kuma miƙa wa abokinsa da gaban sanda. Idan ka sa shi a gefen da ba nasa ba, sai ya karɓa da bayan sanda, ya juya, ya ɓata rabin daƙiƙa. Weber kuma ba mai yawo ba ne, yana tsaye a gida, ga jiki, ga bugun da aka taɓa aunawa ya haura mil 108 a awa. Saboda haka Josi ya samu lasisin hawa.

Ɗanjuma:
To ai Bilkisu ta faɗi maganata. Da wani ya riƙe masa gida ya yi suna.

Bilkisu:
A'a Yaya Ɗanjuma, ban ƙarasa ba. An yi musayar Weber da P.K. Subban na Montreal a watan Yunin 2016. Kakar da ta biyo baya, ba Weber, Nashville ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, kofin zakaran NHL. Josi yana tare da Ryan Ellis, wanda shi ma mai son hawa ne kuma ba shi da girman jiki, Subban yana tare da Mattias Ekholm. Su ne na ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 16 da suka samu gurbi a wasannin fitar da gwani, amma suka share Chicago 4 da nema, suka fitar da St. Louis da Anaheim, kowacce a wasa shida. Pittsburgh ce ta tsayar da su, ita ma a wasa shida, kuma sun buga wannan zagayen ba tare da babban ɗan tsakiyarsu Ryan Johansen ba, wanda ya ji rauni a karawar Anaheim. Kofin Norris na gwarzon ɗan baya kuwa, Josi ya ci shi a 2020, shekara huɗu bayan tafiyar Weber, da maki 65 a wasa 69. Shi ne ɗan Suwizalan na farko da ya ci, kuma na farko a tarihin Nashville. Weber da duk girmansa bai taɓa ci ba.

Yakubu:
Wasa na shida na 2017 har yanzu yana yi wa magoya bayan Nashville ciwo. Colton Sissons na Nashville ya tura faifai raga a farkon zango na biyu, amma alƙalin wasa ya riga ya busa saboda faifan ya ɓace masa, ya zaci gola Matt Murray ya danne shi. Doka ta ce da zarar an busa wasa ya mutu. Aka ci gaba babu ci har saura minti ɗaya da daƙiƙa 35, Patric Hörnqvist na Pittsburgh ya bugo daga bayan layin raga ya daki jikin golan Nashville Pekka Rinne ya shiga. Aka tashi 2 da nema. Mark Streit, ɗan Bern kamar Josi, wanda ya girme shi da shekara 12 kuma ya zame masa kamar yaya a harkar, yana cikin tawagar Pittsburgh a shekarar, duk da bai buga wasannin ƙarshen ba.

Ina so in kawo maganar kuɗi, domin ita ce ta sa wannan tawagar ta yiwu. A NHL akwai iyakar albashi da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba, a kakar 2016-17 dala miliyan 73 ce. David Poile, manajan Nashville na lokacin, ya ɗaure Josi tun 2013 da kwantaragin shekara 7 kan dala miliyan 28, wato miliyan 4 a shekara, lokacin yaron bai cika wasa ɗari da hamsin a gasar ba. Ellis na karɓar miliyan 2.5, Ekholm 3.75. Wannan rangwamen ne ya ba su damar ɗaukar Subban da miliyan 9 ɗinsa. 'Yan baya huɗu na sahun gaba kan ƙasa da miliyan 20. Da Josi ya sa hannu kan sabon kwantaragi a Oktoban 2019, shekara 8 kan sama da dala miliyan 72, sai cutar korona ta zo, iyakar albashin ta tsaya cik kan miliyan 81.5 har kaka uku. Nan aka fara rabuwa da mutane: Ellis ya tafi a 2021, Ekholm a 2023.

Malam Habu:
Madalla Yakubu. Yanzu mu zo kan 2022, inda nake ganin an tauye shi a kofin Norris. Maki 96 a wasa 80, ci 23, taimako 73. Rabon da ɗan baya ya kai haka tun Phil Housley a kakar 1992-93. Ya karya tarihin Paul Kariya na maki 85 a Nashville, alhali Kariya ɗan gaba ne. Marubuta wasanni ne ke zaɓen Norris, kowa ya jera mutum biyar, na farko maki 10, sai 7, 5, 3, 1. Josi ya fi Cale Makar, ɗan bayan Colorado, yawan waɗanda suka sa shi na farko, 98 da 92, amma a jimilla Makar ya samu 1,631, Josi 1,606. Ma'ana wasu ƙalilan sun jefa Josi can ƙasa a takardarsu, kuma su suka yanke hukuncin.

Ɗanjuma:
Malam, a nan kam ba zan bi ka ba. Makar ya ci 28 a wasa 77, maki 86. Idan yana kan ƙanƙara ana buga biyar da biyar, tazarar cin da Colorado ke yi da wanda ake yi mata ta fi ta Josi nesa ba kusa ba. Kuma Makar yana tare harin abokan hamayya tun a shuɗin layi, wato layin da ke bakin yankin tsaron kowace ƙungiya, ba ya ja da baya. Ƙa'idar ita ce tazararka da mai faifai kada ta wuce tsawon sanda ɗaya zuwa biyu idan ya iso layin. Idan ta fi haka ka ba shi damar shiga da faifai a sanda, idan ta gaza haka kuma gudunka na baya bai kai nasa ba, zai zagaye ka. Makar ya fi kowa iya wannan a shekarar. Da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a zagayen farko, Colorado ta share Nashville 4 da nema.

Alhaji Isiya:
Ɗanjuma, ƙanena, abu biyu. Ana rufe ƙuri'a kafin a fara wasannin fitar da gwani, don haka sharewar ba ta cikin lissafi, kuma Nashville ta buga ta ne ba tare da golanta Juuse Saros ba. Na biyu, duba waɗanda kowa ke wasa da su. Makar yana da Nathan MacKinnon da Mikko Rantanen da Gabriel Landeskog da Nazem Kadri a gabansa, ga Devon Toews a gefensa. Josi shi ne ya fi kowa maki a ƙungiyarsa. Matt Duchene ya ci 43, Filip Forsberg ya ci 42, kuma babu ɗayansu da ya taɓa kai 40 kafin wannan kakar. Ni a ganina duk wanda aka ba cikin biyun ba a yi zalunci ba, amma cewa Josi bai cancanta ba saboda yana hawa, wannan ba hujja ba ce.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne nan. Salon nasa yana buƙatar tsari. Idan ɗan baya ya shige gaba, dole ɗan gaba na uku ya tsaya sama kusa da shuɗin layi ya rufe gurbinsa. Idan wannan mutumin ya shagala ya bi faifai cikin kusurwa, to abin da ka faɗa ne zai faru, biyu kan ɗaya. A shekarun da Nashville ke da 'yan gaba masu ladabin wannan aiki, ba a ganin illar. A shekarun da babu, sai a ɗora wa Josi laifin.

Bilkisu:
Akwai kuma maganar gajiya da ba a cika lissafawa ba. Wasa minti 60 ne, zango uku na minti 20. Ɗan wasa yana shiga ya yi kamar daƙiƙa 45 ya fito. Josi ya shafe shekaru yana yin kusan minti 25 a kowane wasa, wato shiga wajen talatin, a kaka mai wasa 82. Mafi hatsari shi ne zango na biyu, lokacin da aka sauya gefe benci ya yi nisa da ragarku. Idan aka tsare ku a gida, ɗan baya ba ya iya fita, shigarsa ta kai minti ɗaya da rabi ko biyu, ƙafa ta yi nauyi, sai a fara kai sanda maimakon kai jiki, daga nan sai laifin ƙugiya ko taɗiya, minti biyu a bencin hukunci. Mai iya fito da faifai da kansa har tsakiyar fili ya tura shi ciki yana ceton mutum biyar daga wannan tarkon.

A lokacin da abokan hamayya ke da mutum a bencin hukunci kuwa, shi ke tsayawa shi kaɗai a sama, uku a tsakiya, ɗaya a bakin raga. Ba ya yawan ɗaga sanda ya yi bugun ƙarfi irin na Weber. Yana tafiya a gicciye kan shuɗin layi har sai mai tare shi ya kauce daga hanya, sannan ya saki bugun wuyan hannu ƙasa-ƙasa don a karkatar ko a samu ragowa. Dalili kuwa, idan bugu ya daki ƙafar mai tarewa a wannan wurin, faifan yana komawa baya ne, kuma babu kowa tsakaninsa da gola.

Yakubu:
Mu taɓa ƙasarsa, don a Suwizalan da wannan ake auna shi. A gasar duniya ta 2013, ƙarƙashin koci Sean Simpson, sun ci wasa tara a jere, har da Kanada da Jamhuriyar Cek sau biyu da Amurka a kusa da na ƙarshe, 3 da nema. A wasan ƙarshe a Stockholm, Josi ne ya fara ci, amma Suwidin da tagwayen Sedin suka rama har 5 da 1. Lambar azurfar ita ce lambarsu ta farko tun 1953, kuma aka zaɓi Josi gwarzon gasar baki ɗaya yana ɗan shekara 22. A 2018 a Copenhagen, Suwidin ce kuma, 2 da 2 har bayan ƙarin lokaci, aka je bugun raba gardama, kuma wanda ya ci bugun da ya raba shi ne Forsberg, abokin wasansa a Nashville. A 2024 a Prague babu ci har zango na uku, David Pastrňák ya ci wa masu masauki, aka tashi 2 da nema, Josi ya karɓi kyautar gwarzon ɗan baya. Zuwa 2024, azurfa uku, babu zinariya.

Hajiya Rabi:
Tun da an zo nan, kada a manta da na da. Bibi Torriani na HC Davos ya ci wa Suwizalan tagulla a gasar Olamfik sau biyu, 1928 da 1948, duka a St. Moritz, shekara 20 tsakani. Streit kuma sai yana ɗan shekara 26 aka zaɓe shi, na 262 a 2004, ya zama ɗan Suwizalan na farko da ya riƙe kyaftin a NHL, a New York Islanders a 2011. Kafin shi, masu tsaron raga irin su David Aebischer da Martin Gerber kaɗai ake yarda da su daga ƙasar. Hanyar da Streit ya share ce Josi ya bi, Nico Hischier kuma ya zo aka ɗauke shi na 1 a 2017. Amma wajen abin da mutum ya yi a gasa mafi ƙarfi a duniya, ni ban ga wanda ya kama ƙafar Josi ba. Tun Disamban 2022 ya wuce David Legwand ya zama mafi yawan maki a tarihin Nashville, a 2024 kuma ya sake zuwa na biyu a Norris da maki 85, bayan Quinn Hughes.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarsa. A watan Fabrairun 2025 Sam Bennett na Florida ya buge shi jikin bango, bai sake buga wasa a kakar ba. Daga baya aka sanar cewa yana da lalurar da ake kira POTS. Yadda take shi ne, idan mutum ya miƙe tsaye jini yana taruwa a ƙasan jiki, jijiyoyin da ya kamata su matse su maido shi sama ba sa yin aikin yadda ya dace, sai zuciya ta rama da sauri. Ma'aunin likitoci ga babba shi ne bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a minti, cikin minti goma da miƙewa, ba tare da hawan jini ya faɗi ba. Tana kawo ciwon kai da jiri da kasala, kuma alamominta na kama da na girgizar ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba ga ɗan wasan da ya taɓa buguwa a kai. Ana sarrafa ta da yawan shan ruwa, ƙarin gishiri bisa shawarar likita, safa mai matse ƙafa, motsa jiki da ake farawa a zaune ko a kwance a riƙa ƙarawa sannu a hankali, wani lokaci da maganin rage bugun zuciya. Ya dawo fili a kakar da ta biyo baya, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ɗanjuma:
Amin Hajiya. Ni dai ina nan kan cewa Makar ya cancanci na 2022. Amma na karɓi maganar Malam Habu cewa fito da faifai aikin tsaro ne, da ta Alhaji kan ɗan gaba na uku. Tambayata yanzu ita ce minti. Kwantaraginsa sai 2028 zai ƙare, lokacin yana da shekara 38, kuma salon da ya dogara da taku ukun farko shi ne shekaru ke fara ci.

Alhaji Isiya:
Hanyar a bayyane take, Ɗanjuma. A sauke shi zuwa minti 22 ko 23. Inda za a yanke shi ne lokacin da Nashville ke da mutum a bencin hukunci, domin a nan ake tare bugu da jiki, a nan ake tsayawa ana tashi ba hutu. A bar masa minti biyun rinjaye, wato lokacin da abokan hamayya ke da mutum a bencin hukunci, gaba ɗaya, a riƙa fara masa shiga daga yankin abokan hamayya idan an tsayar da wasa, a kuma nemo masa na dama mai zaman gida wanda zai riƙa zuwa kusurwa ya karɓi bugun farko ya zame masa faifai ta bayan raga. A ranakun da ake buga wasa biyu a jere, na biyun ne ya kamata koci ya fi sa ido a kan agogonsa, musamman a zango na biyu.